Daga Jidda Zuwa Diyafani, Wajen 'Yar'uwar Umma Ta Nono

Tashi daga Madain Fahd

Ba a kira sallar asuba ba Yaya Usman ya tsaya da mota a ƙofar gidanmu da ke unguwar Madain Fahd a Jidda, ko injin bai kashe ba. Umma ta riga kowa shiryawa. Na same ta a bakin gado da abayarta, sandarta a jingine da gwiwa, ta rungume wata leda kamar za a ƙwace mata. Garin busasshiyar kuɓewa ne a ciki, da soɓorodo, da citta, da 'yar kwalbar humra.

Muna saka akwatuna Yaya Usman ya sake gwada sa'arsa.

"Umma, har yanzu fa ana iya fasawa. Ga gwiwa ba lafiya, ga teku, ga ƙasar da ba mu san kowa ba."

"Halas, Usman, mun gama wannan maganar. Nono ɗaya muka sha da matar nan. Da a Kano take za ka ce kada in je? Yalla, ja mota."

Bari in bayyana wa mai karatu ko wace ce matar. Kakata Inna Ige mutuniyar ƙasar Sakkwato ce. Ita da mijinta suka fito aikin Hajji a ƙasa, guzuri ya ƙare musu a Bur Sudan, suka zauna nan. Soyayyiyar gyaɗa take sayarwa a gindin kantin wani mutumin Girka da ake kira Hawaja Manoli. A wata ɗaya Inna Ige ta haifi Umma, matar Manoli ta haifi Marika. Sai ciwo ya kwantar da matar Manoli, nononta ya ƙafe, Inna Ige ta ɗauki jaririyar ta haɗa da tata har yaye. Tare suka tashi, tare suke cin tuwo, tare suke shan duka in sun je bakin ruwa. Suna 'yan mata al'amura suka juya wa baƙin 'yan kasuwa a Sudan, Manoli ya kwashe iyalinsa ya koma tsibirinsu. Umma ta raka su mina, wato tashar jiragen ruwa, ta tsaya har jirgin ya ɓace. Bayan nan aka yi mata aure aka kawo ta Jidda, inda ta haife mu. Sama da shekara hamsin babu wadda ta ji ɗuriyar 'yar'uwarta.

Ni na gano su. A wani zaure na intanet da tsofaffin mutanen Bur Sudan ke zuba hotunan da, na ga wata mai suna Eleni ta rubuta cewa mahaifiyarta na cigiyar "Amina 'yar Ige mai gyaɗa". Ranar da muka haɗa su a waya babu wadda ta ji abin da ɗayar ke faɗi, don dukkansu kunne ya yi nauyi, kuka kawai suka yi. Daga baya Eleni ta ce mini a ɓoye zuciyar tsohuwar ba ta da ƙarfi, in za mu zo, mu zo bana.

Neman biza ya ci mana watanni. Sai da aka sabunta iƙamar Umma, wato takardar izinin zamanta a Saudiyya, aka kawo takardar wurin aikina, aka kawo gayyata daga Eleni, sannan suka ba mu 'yan kwanaki ƙalilan. A filin jirgi muka yi asuba. Yaya Usman ya sumbaci kan Umma, ya ce da ni, "Safiya, amana ce fa." Na ce, "Na sani, Yaya."

Atina da tashar Pireyas

Bayan azahar muka sauka Atina. Jami'in da ke duba fasfo ya daɗe yana juya na Umma, ya tambaye ni wajen wa za mu. Na ce wajen 'yar'uwarta. Ya dubi Umma, ya dubi sunan da ke jikin gayyatar, ya ɗaga gira, ya buga hatimi.

Akwai ƙaramin jirgin sama da ke zuwa tsibirin Karpatos, inda Marika take, kuma shi na so mu hau tun muna gida. Umma ta ƙi. Ta ce, "Ta ruwa ta tafi, ta ruwa zan je mata." Don haka muka ɗauki tasi zuwa Pireyas, babbar tashar jiragen ruwansu, muka kwana a wani ƙaramin otal mai lifta kamar akwatin gawa, mutum biyu da ƙyar. Abincinmu burodi ne da zaitun da farin cuku, don ban yarda da naman da ban san yankansa ba. Umma ta ɗanɗani cukun, ta ce irinsa Manoli ke sayarwa a cikin gwangwani, yana ba su ɓarɓashin a kan takarda.

Washegari da la'asar muka je tasha. Ni da aka haifa a unguwar Ruwais ta Jidda, da ƙamshin teku na tashi, amma ban taɓa shiga jirgin ruwa ba. Wannan kuwa bene ne sukutum a kan ruwa. Bayansa a buɗe kamar baki, manyan motocin kaya na shiga da baya da baya, ma'aikata na hura usur suna daka wa direbobi tsawa, mu masu ƙafa muna raɓawa ta gefe da akwatunanmu. Wani ma'aikaci ya ga sandar Umma, ya karɓi jakarta, ya kai mu ga matakala mai tafiya da kanta.

"Wannan babur ne ko otal?" in ji Umma.

Babur take ce wa jirgin ruwa, kamar yadda ake faɗi a Sudan, abin da ke ba jikokinta dariya kullum.

A cikin babban jirgi, zuwa Rodos

Mun kama ɗaki mai gado biyu da 'yar taga, amma Umma ba ta yarda ta zauna a ciki ba. Muka hau sama, inda aka jera fararen kujeru, muka kalli Atina tana ja da baya. Can ta fara ba ni labarin jirgin da ya kawo ta Jidda tana amarya. Ba ɗaki, ba kujera. A kan tabarma suka zauna a fili tare da alhazai da tumaki, wata tsohuwa 'yar Barno ta riƙe mata kai tana amai, ita kuma tana kukan rabuwa da Inna Ige. Ta ce sau uku kawai ta sake ganin mahaifiyarta bayan wannan ranar. Ni ban taɓa ganinta ba, kuma ko hotonta ba mu da shi.

Da rana ta faɗi na duba alƙibla a waya, muka sami wani lungu bayan kwale-kwalen ceto muka yi magariba, Umma a zaune. Wasu Turawa biyu da ke shan taba a wurin suka matsa mana ba tare da mun roƙa ba.

Jirgin ya tsaya a tsibirai da dama muna barci, ƙarar sarƙa kawai nake ji. Da gari ya waye muna Kos, ga duwatsun Turkiyya kusa kamar ka miƙa hannu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne saurin tsayawarsu. Jirgi zai juyo da baya, a jefa igiya, ƙofa ta sauka, mutane da motoci su zubo, wasu su shiga, kafin ka gama shayinka an ɗage ƙofa. Wanda ya tsaya sallama da dangi, a tasha zai kwana.

Kafin azahar muka shiga Rodos. Daga nesa ganuwar tsohon garin ta fara bayyana, ruwan ƙasa-ƙasa, da hasumiya ɗaya tana leƙowa ta bayanta.

Rodos, inda iska ta tsare mu

A nan za mu canza zuwa wani jirgin da ke bi ta Halki ya kai Diyafani, ƙauyen Marika a arewacin Karpatos. Ba kullum yake tashi ba. Mun tsara kwana ɗaya a Rodos, Allah ya tsara wani abin.

Masaukinmu gidan wata dattijuwa ce, Kiriya Sofiya, a cikin ganuwa. Kiriya kalmar girmamawa ce, kamar mu ce Hajiya. Da safe na ji tagogi na bugawa, na fito na same ta tana kwashe shanya da gudu. Ta nuna sama ta ce, "Meltemi." Sunan iskar bazararsu ke nan, wadda ke tasowa daga arewa, rana na haske tar, sama ba ko gajimare, amma teku ya haukace.

Na je ofishin tikiti. Mutumin ya ɗage kafaɗa.

"Yau babu. Hukumar tasha ta hana."

"Gobe fa?"

"Wataƙila."

"Mahaifiyata tsohuwa ce, bizarmu kuma gajera ce."

"Madam, tawa mahaifiyar ma tana Halki tana jiran maganinta. Iska ba ta san biza ba."

Gobe ta zo, ya sake cewa wataƙila. Ban gaya wa Umma ba na je neman jirgin sama, na tarar duk waɗanda iska ta tsare sun riga ni, babu kujera. Na fara lissafin cewa za mu iya komawa Jidda ba mu ga Marika ba, alhali tsakaninmu da ita bai fi tafiyar yini ba. Eleni ta kira ta ce tsohuwar ta daina cin abinci sosai, kullum tana taga tana kallon teku.

Umma ta fi ni haƙuri. Muka riƙa fita a hankali, don duwatsun da aka shimfiɗa a lungunan ba sa shiri da gwiwa. Tsohon garin ya tuna mini da Balad, tsohon garin Jidda, kafin a gyara shi: lunguna masu ƙunci, baranda ta katako, kyanwoyi a kowace ƙofa, mai kanti zaune yana kiran masu wucewa. Muka sami masallaci ɗaya da ake buɗewa, muka yi azahar tare da wasu 'yan tsirarun tsofaffi. Da yamma mukan zauna a bakin tasha, a inda ganuwa ta kare iska, Umma na zayyana mini Bur Sudan titi-titi: inda ake sayar da ƙanƙara, inda sinima take, gidan da suka yi haya mai bishiyar darbejiya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ta daina zancen komawa ko da ziyara, kuma waɗanda ta sani a can sun ƙare, wasu ƙasa ta rufe, wasu sun watse.

"Ko na je, wa zan ce wa ka tuna?" in ji ta. "Ita kaɗai ta rage wadda ta san ni da kitso biyu."

A safiya ta uku Kiriya Sofiya ta buga mana ƙofa tun da duhu-duhu. Ta ce jirgi zai tashi, mu yi sauri. Ta cusa wa Umma lemon tsami biyu a hannu, ta yi alamar a riƙa shinshinawa.

Rodos zuwa Halki, zuwa bakin Diyafani

Wannan jirgin tsoho ne, ya fi na farko ƙanƙanta, yana warin man inji da gahawa. Fasinjojin ma daban: ba masu yawon buɗe ido da yawa, sai mutanen tsibirai da kwalayen kaya, da wani mai injin wanki sabo, da tsofaffin mata cikin baƙaƙen kaya da ɗankwali. Umma ta ce, "Ashe su ma suna rufe kai."

Har Halki ruwa da sauƙi. Garin ɗan ƙarami ne, gidaje masu launin ƙwai da shuɗi da ja sun hau dutse suna kallon tasha. Aka sauke buhunan fulawa da kwalin magani, na ce a raina ga na mahaifiyar mai tikiti ya iso.

Muna fita daga bayan Halki teku ya nuna mana halinsa. Jirgi ya hau sama, ya faɗo, ya karkata, kofuna na zubewa a kantin shayi. Ma'aikata suka bi mutane da jakunkunan takarda. Ni da na zo kula da Umma, ni ce na kwanta a kan benci ina salati, ita ta riƙe mini kai, tana kanga mini lemon tsami a hanci, tana tauna cittarta hankali kwance.

"Ke 'yar Jidda, teku a ƙofar gidanku, amma ba ki san shi ba."

Da aka sanar an kusa Diyafani ta ce in raka ta banɗaki. Ta cire abaya, ta ɗaura farin tob ɗinta, dogon mayafin matan Sudan, wanda rabon da in gan shi tun bikin Yaya Usman, ta shafa humra a wuya da hannu. Muka sauka ƙasa wurin motoci tare da masu sauka, kowa riƙe da kayansa, ƙasa na rawa a ƙarƙashinmu.

Ƙofar jirgin ta fara sauka, haske ya shigo. Na ga ƙauyen, fararen gidaje a gindin wani baƙin dutse, da dogon dandamalin siminti da igiyar ruwa ke tsallakewa. Mutane kaɗan ne a kai. Can baya, inda ruwa bai kai ba, wata tsohuwa cikin baƙaƙen kaya na zaune a farar kujerar roba, wata mace ta dafa kafaɗarta.

Umma ta damƙi hannuna. "Ita ce. Zaman uwarta ke nan."

Aka jefa igiya, ta faɗa ruwa. Jirgi ya ja gaba, ya sake juyowa, aka sake jefawa, mutum biyu suka cafke, iska ta fizgi jirgin, suka saki don kada ta ja su. Na ji inji ya canza murya. Sai ƙofa ta fara ɗagawa.

"Marika!" Umma ta ƙwala kira da muryar da ban san tana da ita ba. "Ya Marika!"

Tsohuwar ta miƙe tsaye. Iyakar abin da muka gani ke nan, ƙofa ta rufe.

Na tare wani jami'i mai farar riga. Ya ce kyaftin ya gwada sau biyu, ba zai sa rayukan mutane a haɗari ba, sai Pigadiya, babban garin tsibirin, can kudu. Mutanen ƙauyen suka yi ta faɗa da hannu da baki, sannan suka koma sama, da alama sun saba. Umma ta zauna a kan akwati cikin farin tob ɗinta, tsakanin wata motar kifi da injin wankin nan. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Sau biyu ke nan babur na raba ni da ita ina kallo."

Pigadiya zuwa Diyafani, ta mota

Kafin mu isa Pigadiya Eleni ta kira. Ta ce ta mayar da mahaifiyarta gida, ta ba ta maganinta, kuma wani ɗan'uwan mijinta mai tasi, Yorgos, zai jira mu. Muka same shi riƙe da kwali an rubuta AMINA. Ƙato ne mai furfura a gashin baki, ya yi shekaru yana tuƙi a Amurka, Turancinsa ya fi nawa gudu.

"Ku ne na Afirka? Duk ƙauye an san da zuwanku. Tun sati biyu Marika ta sa aka yi wa gidan fenti."

Hanyar arewa ba ta mai tsoro ba ce. An sassaƙe ta a jikin dutse, dama rami ne har teku, iska na tura motar, awaki na kwance a tsakiyar kwalta ba su da niyyar tashi. Yorgos na tuƙi da hannu ɗaya yana nuna mana wurare da ɗayan. Na ce ya rage gudu. Umma ta tambayi abin da na ce, na gaya mata.

"Ce masa ya ƙara."

Muka wuce wani gari da ke manne a ƙololuwar dutse, da tsofaffin injinan niƙa masu aiki da iska a jere, sannan hanya ta gangara. Rana ta yi ja muka shiga Diyafani ta baya, muka ga dandamalin nan da muka kasa sauka a kai, ruwa na dukansa har lokacin.

Gidan Marika

Mota ba ta kaiwa ƙofar, sai an hau 'yan matakalai. Yorgos ya riƙe Umma ta dama, ni ta hagu. Ba mu kai rabi ba ƙofa mai shuɗin fenti ta buɗe. Marika gajera ce, fara sol, fuska duk tamoji, ta fito tana ture hannun Eleni da ke son riƙe ta.

Suka tsaya suna kallon juna. Sai Marika ta ce da Larabcin Sudan tsantsa, irin na da, wanda ko a bakin 'yan Sudan na Jidda ban ƙara ji ba:

"Amina, kin tsufa."

"Ke kuma fa? Ina gashin da kike mana yanga da shi?"

Nan a kan matakala suka zauna suka rungume juna. Marika ta cusa fuska a wuyan Umma tana shaƙar humra, tana faɗin sunayen mutanen da suka daɗe da mutuwa. Ni da Eleni muka tsaya, ba mu taɓa haɗuwa ba, muka riƙe hannu muna hawaye. Yorgos ya juya baya yana fyace hanci.

Kwana uku kawai iska ta bar mana. Ba su ɓata ko ɗaya ba. A gado ɗaya suka kwana, da rana suna baranda, suna magana da ƙarfi saboda kunne, maƙwabta na leƙowa. Marika ta yi aure a ƙauyen, mijinta mai kamun kifi ne, ya rasu. Ta ce shekarunta na farko a nan kullum sai ta yi kuka, don sanyi, kuma don ana ce mata 'yar Afirka. Ba ta da wanda za ta yi Larabci da shi tun rasuwar iyayenta, sai ta riƙa yi da kaji don kada ya gudu. Lokacin salla ita da kanta take shimfiɗa wa Umma tawul mai tsabta a ɗakin da babu hotunan cocinsu, ta ja ƙofa.

A rana ta biyu Umma ta kwance ledarta. Babu garin dawa, muka yi da fulawa da ɗan garin masara, Eleni ta kawo kifin da aka kama da safe, Umma ta kaɗa miyar kuɓewa. Ni da Eleni muna baranda muna jera faranti, Umma na wanke hannu, sai muka ji murya daga kicin, da Hausa, da ƙarfi, da karin harshen Sakkwatawa:

"Ke Amina! Ke Marika! Mi ya kai ku bakin ruwa? Ku taho ku ci tuwo tun bai huce ba, ɗiyan banza!"

Muka leƙa, ashe Marika ce, ta riƙe ƙugu da hannu ɗaya, muciya a ɗayan, ta karkatar da kai. Hausarta ta zube tun tuni, in ban da gaisuwa, amma wannan kiran ya zauna mata daram, har da yadda ake jan ƙarshensa.

Umma ta daskare a bakin famfo, ruwa na zuba a hannunta. Ta ce a hankali, "Inna." Sannan ta ce, "Sake faɗi."

Marika ta sake. Umma, wadda ba ta yi kuka ba da ƙofar jirgi ta rufe, ta zauna a ƙasan kicin ta yi kukan da ban taɓa ganin ta yi ba, tana yi tana dariya. Ta jawo ni ta ce, "Safiya, saurara da kyau. Wallahi haka muryar kakarki take, ba ragi." Na saurara. Daga nan Marika ta nuna mini tafiyarta, da yadda take ɗaura ɗankwali, da yadda take auna gyaɗa ta ƙara wa yaro 'yar gyara in uwarsa ba ta kallo. Tuwon ya huce kafin mu ci. Marika ta ci da hannu, ta suɗe yatsu, Eleni na kallonta baki buɗe.

Komowa

Ranar tafiya teku ya kwanta kamar ba shi ba. Eleni ta so mahaifiyarta ta yi sallama a gida, ta ƙi, aka sake kai mata farar kujerar bakin tasha. Ta ba Umma tulun man zaitun na gonarsu da zuma, Umma ta bar mata kwalbar humra da sauran kuɓewar. Babu wadda ta yi zancen sake haɗuwa, dukkansu sun san shekarunsu.

"Ki yafe mini, 'yar'uwata," in ji Umma.

"Me kika yi mini? Ki gaida yaranki. Ki ce suna da inna a nan."

Jirgi ya juyo, igiya ta kamu tun jifan farko. Ma'aikata na ta "Maza, maza," muka shiga. Umma ta ce in kai ta sama ta baya. Ta tsaya riƙe da ƙarfe, tana ɗaga gefen tob ɗinta, Marika na ɗaga ɗankwali, har ƙauyen ya zama ɗan farin tabo a gindin dutse. Sannan ta nemi kujera ta ce in samo mata shayi.

Daga Rodos jirgin sama muka hau zuwa Atina, wannan karon ba ta yi gardama ba. Muka fita ƙasar ana saura kwana ɗaya bizarmu ta ƙare. Da muka sauka Jidda zafi da gumi suka tare mu tun daga ƙofar jirgi, na ji daɗinsu kamar ban taɓa ƙorafi a kansu ba. La'asar ta yi muna Madain Fahd.

Kafin magariba falo ya cika da maƙwabta, ana zuba gahawa, ana dangwala burodi a man zaitun. Wata ƙawar Umma, Hajiya Rabi, ta ce, "To Hajiya Amina, ba mu labari. Yaya Turai?"

Umma ta yi ɗan tunani. "Turai? Wallahi ban kula da ita ba. Ni gidanmu na je, na tarar da Inna tana kiran tuwo."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Eleni da mutanen Diyafani, da Kiriya Sofiya, da Yorgos, da ma kyaftin ɗin da ya ƙi sauke mu, don yanzu na san gaskiyarsa ce. Wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa Inna Marika a addu'ar samun sauƙi, ya kuma yi wa Inna Ige mai gyaɗa addu'ar rahama. Ban taɓa ganinta ba, amma yanzu ko a cikin taro ta yi kira zan gane ta.